KIWON LAFIYA: ƘAFAR MUTUM DA HATSARIN ALLURAR KASUWA

Ƙafa ce ke kai manomi gona. Ita ke kai mace rijiya, ita ke kai yaro lakkwal. Darasin yau yana bayanin yadda ƙafa take a ciki, da dalilin da ya sa allura guda kan iya lalata ta.

ƘASUSUWA DA GAƁOƁI

Ƙafa guda, daga cinya zuwa yatsu, tana da ƙashi 30. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. Akwai ƙoƙon gwiwa, akwai ƙashi 2 a ƙwauri. Sauran 26 suna daga idon sahu zuwa yatsu.

Inda ƙashi ya gamu da ƙashi, nan ce gaɓa. Manyan gaɓoɓin ƙafa 3 ne. Gaɓar kwatangwalo tana juyawa kowane gefe, kamar taɓarya cikin turmi. Gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa, kamar ƙyauren ɗaki. Idon sahu yana ɗaga tafin ƙafa yana sauke shi. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, da ɗan ruwa mai yauƙi, don kada ƙasusuwa su ci juna.

TSOKA

Ƙashi ba ya motsi da kansa, tsoka ke jan shi. Tsokar gaban cinya tana miƙe gwiwa. Ta bayan cinya tana lanƙwasa ta. Tsokar sha-raɓa tana ɗaga diddige. Tsokar gaban ƙwauri kuwa ita ke ɗaga tafin ƙafa, don kada yatsu su ja ƙasa wajen tafiya.

JIJIYA IRI 3

Bahaushe yana cewa jijiya, amma abu 3 ne dabam dabam.

1. Jijiyar jini: ita ce hanyar jini.
2. Jijiya mai ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara ta bayan diddige. Mahauta sun san ta, da ita suke rataye cinyar rago.
3. Jijiyar saƙo: tana fitowa daga lakar da ke cikin ƙashin baya. Ita ke kai wa tsoka umurnin ƙwaƙwalwa. Ita kuma ke gaya wa ƙwaƙwalwa an taka ƙaya ko garwashi.

Wanda ya daɗe zaune bisa tabarma har ƙafarsa ta mutu, jijiyar saƙo ce ya danne. In ya tashi ya taka, sai ta farfaɗo.

BABBAR JIJIYAR ƘAFA

Jijiyar saƙo mafi girma a jiki duka tana cikin ƙafa. Faɗinta ya kusa na babban yatsan hannu. Tana fitowa daga ƙasan baya, ta ratsa ƙarƙashin tsokar ɗuwawu, ta gangara bayan cinya. Kusa da gwiwa sai ta rabu 2. Reshe guda ya bi sha-raɓa har tafin ƙafa. Gudan ya zagaya gefen gwiwa ta waje, ya tafi ga tsokar da ke ɗaga tafin ƙafa.

Ga inda hatsarin yake. Yaro yana zazzaɓi, sai iyaye su kira mai allurar kasuwa. Shi kuwa bai san hanyar jijiya ba. Ya soka allura a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa-ƙasa, ta sami jijiyar. Nan take zafi ya sauka har yatsu. Bayan haka yaro ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa, yana tafiya yana jan ta. Sai mutane su ce iska ce ko sammu, alhali allura ce.

Ma'aikacin likita ya koyi wurin da ya dace. Yana raba ɗuwawu kashi 4, ya yi allura a kashin sama na waje, nesa da jijiyar. Jariri kuwa, a gefen cinya ta waje ake yi masa.

Jijiyar saƙo ba ta warkewa da sauri kamar fata. In ta samu tsirowa, wajen milimita 1 take yi a yini. Sai an yi watanni, wani lokaci ma ba ta dawowa. Mai ɗori yana gyara karaya, amma ɗori ba ya gyara jijiyar saƙo.

ABIN DA YA KAMATA A YI

- Yaro mai zazzaɓi, a kai shi likita. Kada a bari kowa ya yi masa allura a gida ko a kasuwa.
- In ƙafa ta saki bayan allura, a tafi likita ba da jinkiri ba, a faɗi gaskiyar abin da ya faru.
- A riƙa motsa gaɓoɓin ƙafar kullum yadda lokotoro ya nuna, don kada su ƙage.
- Shan inna ma yana kashe ƙafa, amma shi ƙwayar cuta ce mai kama laka. Maganinsa rigakafi. A kai yara duka a yi musu.

TAMBAYOYI

1. Ƙashi nawa ne a ƙafa guda?
2. Jijiya iri nawa ce? Mene ne aikin kowace?
3. Ta ina babbar jijiyar ƙafa take bi?
4. Wa ke yi wa yara allura a wannan gari? A tattauna da malami.