Tsakanin Tashi Daga Makaranta da Magariba

'Ya'yana, iyayen yaran da ke ƙaramar sakandare a Mpape da Karmo da Gwagwa da Dei-Dei, da ku na Kuje da Kwali da Abaji, ku ba ni aron kunnuwanku a kan shekaru ukun nan, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Da yawanmu mun ɗauke su shekarun jira. Yaro ya gama firamare, babbar jarrabawa kuma da saura, sai a sakar masa. Alhali a cikinsu ne ake gane inda ya dosa.

Ku dubi abin da ke gabansa. Tun 2015 hukumar JAMB, wadda hedikwatarta ke nan Bwari, ta bar takarda da fensir, a kwamfuta ake zana jarrabawarta. WAEC ma ta kama hanyar a 2024. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko ya san amsa, lokacinsa zai ƙare yana laluben inda zai danna. Ɗan Maitama da na'urar ya tashi a ɗakinsa. Naku kuwa sau da yawa da alli ake zana masa ita a allo, ya haddace sunayen sassanta, ya ci gwajin, bai taɓa kunna ta ba. Abin yana damuna, domin ba a fi yaranku ƙwaƙwalwa ba.

Na san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekaru tara na farko kyauta ne kuma dole. Na kuma san ku ke sayen kayan makaranta da littattafai, ku biya kuɗin mota da na tara. Shi ya sa nake cewa neman tallafi ba abin kunya ba ne, kuma akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa.

A Kuje akwai makarantar Knosk, wadda Kingsley Bangwell da matarsa Irene suka buɗe a 2019 domin 'ya'yan marasa ƙarfi. Sun kafa ta a kan naira 100 a rana, a ba yaro littattafai da kayan makaranta da abincin rana, 'yan mata har da audugar mata, masu taimako su cike sauran. Kimiyya da kwamfuta su ne ƙashin bayan karatunta. Gurbi kaɗan ne, amma wanda bai je ya tambaya ba shi ya hana kansa. A Suleja, maƙwabciyarmu, akwai makarantar hazikai ta gwamnatin tarayya, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibi, NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Wannan ta ƙananan 'ya'yanku ce da ke ajin ƙarshe na firamare, sai ku sa ido tun yanzu. Abuja na da hukumar tallafin karatu tata. A Wuye kuma hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a 2020, inda takan tara yara lokacin dogon hutu ta koya musu haɗa manhaja. Iyayen da suka ji sanarwa da wuri su ke cike wuraren nan, don haka ku riƙa tambayar shugaban makaranta da malamin aji.

Ku tanadi takardu kafin a nema: takardar haihuwa, lambar NIN, sakamakon kowane zango, da shaidar ƙaramar hukuma. A haɗa su wuri guda. Yara da yawa sun rasa dama saboda takarda ɗaya da aka tashi nema ranar rufewa. Duk kuma wanda ya ce ku tura kuɗi asusunsa zai samo wa ɗanku tallafi, ku riƙe kuɗinku, ku je ofishin da ƙafarku.

Amma tallafi ba kowa zai samu ba. Abin da ke hannun kowa shi ne lokacin da ke tsakanin tashi daga makaranta da magariba. Ban ce a taɓa Islamiyya ba, Allah ya kiyaye. Yawancinsu suna hutun Alhamis da Juma'a, sai a ba kwamfuta yammacin nan biyu. Yaro ya fara da buga rubutu da yatsu goma, ya rubuta wasiƙa, ya adana ta, ya nemo ta gobe. Daga nan ya shiga Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta yi domin yara. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, yaro yana jera umarni ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa ɗan wasansa. Idan ya dawo, kada ku tambaye shi satifiket. Ku ce ya nuna muku abin da ya yi da hannunsa, ko da ku ba ku iya ba. Daɗewa a kan waya ana kallon bidiyo ba koyo ba ne.

Ku iyaye mata, ina roƙonku a kan 'yan matan. Na san farantin talla ke kawo cefane a gidaje da yawa, ba na raina shi. Amma a 2018 'yan mata biyar 'yan makarantar Regina Pacis ta Onitsha sun haɗa manhajar gano jabun magunguna, suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka. A lokacin tsaran 'ya'yanku ne. A ɗaga wa yarinya tallan yini biyu a mako.

Ku kuma da Allah ya buɗa wa, nawa ne tsofaffin kwamfutoci ke kwance a gidajenku? Guda biyar, da ɗaki ɗaya a makarantar unguwa, da farantin sola saboda wuta, da matashi mai yi wa ƙasa hidima da za a riƙa ba shi ɗan ihsani, sun isa a fara. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar iyaye da malamai su riƙe makulli da rajista. A bar ƙofar ajin a buɗe, a sa babbar mace ta zauna duk ranar da 'yan mata ke ciki, a kuma sallami kowa da sauran rana domin masu tafiya gida a ƙafa.