Littafin Aro, Da Tara, Da Mai Tsaron Doka

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa karɓar aron littafi a ɗakin karatu, aka rubuta maka ranar da za ka mayar, ranar ta zo ta wuce littafin yana nan ƙarƙashin matashinka? Kadan haka ta taɓa samunka, wannan darasi naka ne. Kadan kuwa kai ne mai zama bayan tebur, wanda aka ɗora wa aikin karɓar tara daga masu jinkiri, har wa yau naka ne. Gama a wurin nan mutum biyu sukan gamu, ɗaya da bashi a wuyansa, ɗaya da doka a hannunsa, halin kowannensu kuwa a nan yake bayyana.

1. Dalilin wa'adi

Littafin ɗakin karatu ba na mai tsaronsa ba ne, ba kuwa naka ba ne. Na jama'a ne, an saye shi domin ya bi hannu hannu. Sa'ad da ka riƙe shi ya wuce wa'adi, ba ginin ka cuta ba, wanda ke bayanka yana jira shi ka cuta. Wataƙila yaro ne mai shirin jarrabawa, wanda ubansa ba shi da kuɗin saya masa. Ya zo sau biyu, sau uku, ana ce masa, "Ba a dawo da shi ba tukuna." Kai ba ka ga fuskarsa ba, amma ka tauye masa hakkinsa. Alkawari kaya ne, ranar da aka rubuta a katinka kuwa alkawari ce.

Kada ka ce wannan laifin ƙananan mutane ne kaɗai. Ran 5 ga Oktoba 1789, George Washington, shugaban Amurka na fari, ya karɓi aron wani littafi a kan dokokin da ke tsakanin al'ummai daga wani ɗakin karatu na birnin Niyok. Har ya rasu bai mayar ba. Sai a shekarar 2010, bayan shekara 221, masu kula da tsohon gidansa suka nemo irin littafin suka kai a madadinsa. An ƙiyasta tarar da ta taru ta kai wajen dala 300,000, amma masu ɗakin ba su nemi kuɗin ba. Littafin suke so. Riƙe wannan a zuciyarka: an yi tara domin littafi ya dawo, ba domin a tara kuɗi ba.

2. Mai tsaron doka

A birnin Oksfod na ƙasar Ingila akwai babban ɗakin karatu wanda Thomas Bodley ya buɗe a shekarar 1602. Ya kafa doka cewa kada a ba kowa aron littafi ya fita da shi, kome girmansa. A shekarar 1645, lokacin yaƙin basasa, Sarki Charles na Ɗaya yana zaune a Oksfod, ya aika a kawo masa wani littafi. Mai tsaron littattafan, John Rouse, bai aika da shi ba. Ya ɗauki takardar dokar ya kai gaban sarki ya nuna masa. Sarki ya duba, ya haƙura, ya bar doka a inda take. A shekarar 1654 kuma aka hana Oliver Cromwell, wanda mulkin ƙasar ke hannunsa a lokacin, bisa ga wannan doka ɗaya.

Duba abu biyu ga mutumin nan. Na fari, bai yi tara ga talaka ya yi sassauci ga sarki ba. Mudunsa ɗaya ne. Na biyu, bai yi tsawa ba, bai ɗaga kai ba. Ya tafi da kansa cikin ladabi, ya nuna dalili. Tsare doka daban, wulaƙanta mutum daban.

Saboda haka, ɗan'uwana, sa'ad da ma'aikaciya ta ce maka, "Malam, littafin nan ya yi kwana goma a kan wa'adi, ga abin da za ka biya," kada ka ji haushin kaza ka huce a kan dami. Ba ita ta yi dokar ba, kuɗin kuma ba aljihunta za su shiga ba. In ta yafe maka a ɓoye ta karɓa daga na bayanka, ta zama mai son kai, wataƙila kuma aikinta ya tafi. Kada ka roƙe ta ta ci amana dominka. In kana ganin dokar ta yi tsanani, kai ƙararka wurin waɗanda suka kafa ta.

3. Sa'ad da doka ta hana abin da aka yi ta dominsa

Amma fa akwai wata gaskiya da ba za mu ɓoye ba. Tara takan kori wanda ya fi kowa bukatar littafi. Mai wadata ya biya ya manta. Matalauci kuwa, in bashin ya taru, kunya da tsoro su hana shi komawa, ya riƙe littafin a gida, ɗakin karatu ya rasa littafi ya rasa mai karatu.

Mutanen birnin Shikago sun auna wannan. Suka tarar a kudancin birnin, inda talauci ya fi yawa, mutum ɗaya cikin uku masu kati an hana shi aro saboda bashi, a arewacin birnin kuwa ɗaya ne cikin shida. A watan Oktoba 2019 suka soke tarar jinkiri. Shugabar ɗakunan karatun ta ba da labari cewa cikin mako uku na fari, littattafan da ake mayarwa sun ƙaru da kashi 240 cikin ɗari. A watan Oktoba 2021 ɗakunan karatun jama'a na birnin Niyok suka bi sahu, a lokacin da aka toshe katin mutum wajen 400,000 domin bashin kowannensu ya wuce dala 15.

Kada ka ɗauka sun zubar da doka ke nan. Wa'adi yana nan. Wanda ya riƙe littafi ya daɗe ƙwarai, akan rubuta masa kuɗin sayen wani, in ya mayar a share. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Lura kuma, shugabannin da ke da iko su suka yi gyaran a sarari domin kowa da kowa, ba ma'aikaci ɗaya ba ne ya yi wa abokinsa alfarma a asirce.

4. Abin da ya wajaba a kan kowa

Kai mai aro, rubuta ranar mayarwa inda idonka zai gani. In ba ka gama karatu ba, je ka nemi ƙarin kwanaki tun wa'adi bai cika ba. In ka makara, kada kunya ta sa ka ƙara laifi bisa laifi. Ɗauki littafin yau ka kai, ka faɗi gaskiya, ka biya abin da ke kanka ba da gunaguni ba. In ba ka da abin biya, faɗa a fili, gama bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Kai mai tsaro, riƙe doka da hannu biyu, amma harshenka ya yi laushi. Kada ka ɗaga murya ka kunyata yaro a gaban jama'a saboda ƴan kuɗi kaɗan. Gode wa wanda ya kawo littafi ko da ya makara. In ka ga dokar tana korar masu karatu, sanar da shugabanninka, gama kai ne ke ganin fuskokin mutane, su kuwa lissafi suke gani.

Wanda ya riƙe amana a kan littafi ɗaya, shi za a amince wa da abin da ya fi littafi. Allah ya ba mu ikon cika alkawari.

Tambayoyi domin nazari

1. Wane ne ke cutuwa sa'ad da aka riƙe littafi ya wuce wa'adi?
2. Waɗanne abubuwa biyu muka koya daga John Rouse?
3. Don me birnin Shikago ya soke tara, mene ne kuma ya biyo baya?
4. Akwai kayan aro a ɗakinka yanzu, littafi, ko fartanya, ko kuɗi? Yaushe za ka mayar?