Ma'aunin Kwamfuta: Yadda Kilo Ɗaya Ya Zama Kilo Biyu

Wannan darasi ya shafi duk mai sayen wayar hannu, ko filashi, ko katin memori, ko data. A Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai sukan shiga Minna su sayi irin waɗannan kaya. Sau da yawa mutum yakan sayi filashi an rubuta 16 GB a jikinsa, in ya sa a kwamfuta sai ta nuna masa 14.9. Daga nan sai zargi ya shiga tsakaninsa da mai kanti, alhali kuwa babu abin da aka rage masa. Ma'auni biyu ne suke amsa suna ɗaya.

1. Tushen awo

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san komai ba sai hali biyu: a kunne ko a kashe, wato 1 ko 0. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira bit. Bit takwas su ne bayit ɗaya, wanda ya isa ya ɗauki harafi guda na boko kamar A. Ana taƙaita bit da ƙaramin b, bayit kuwa da babban B. Sai a riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa.

2. Lissafin goma-goma

Dattawa ba su manta da zamanin da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma ke yin fam ba. Ran 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta koma Naira da kwabo, kwabo 100 Naira guda. A cikin shekarun nan kuma aka bar mil da yadi aka kama kilomita da mita. A wannan tsari na ƙasashen duniya, wanda ya samo asali daga Faransa, kalmar kilo ma'anarta dubu ce cif, kamar yadda giram 1,000 ke yin kilogiram. Saboda haka:

kilobayit, kB: bayit 1,000
megabayit, MB: bayit 1,000,000
gigabayit, GB: bayit 1,000,000,000
terabayit, TB: bayit 1,000,000,000,000

Da wannan lissafi ne masu ƙera filashi da katin memori da faifan ajiya suke rubuta girman kayansu a jikin kwali.

3. Lissafin biyu-biyu

Ita kuwa ƙwaƙwalwar na'ura ninki-ninki ake gina ta: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024. Da masanan farko suka ga 1,024 ya yi kusa da dubu, sai suka ari sunan kilo suka laƙaba masa don sauƙin magana. A lokacin abin bai dami kowa ba, domin ratar ba ta wuce 24 a cikin dubu ba. Amma da ma'ajiya ta yi ta girma, sai ratar ta yi ta buɗewa. A matakin kilo kashi 2.4 ne cikin ɗari, a mega kusan kashi 5, a giga fiye da kashi 7, a tera kuwa kusan kashi 10.

Kowa ya sani ƙwaryar doya ɗari ce. To, a ce mai sayarwa yana ƙirga ƙwarya a kan 100, mai saye kuma ya koma gida yana ƙirgawa a kan 107. Lalle zai ga ƙwaryoyinsa sun gaza, ko da yake doya ko ɗaya ba ta faɗi a hanya ba. Haka abin yake ga filashi.

Don kawar da wannan ruɗani ne hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, wato IEC, ta amince da sababbin sunaye a 1998, domin lissafin biyu-biyu ya sami nasa na kansa:

kibibayit, KiB: bayit 1,024
mebibayit, MiB: bayit 1,048,576
gibibayit, GiB: bayit 1,073,741,824
tebibayit, TiB: gibibayit 1,024

Sai dai ba kowa ne ya bi ba. Manhajar Windows takan yi lissafi da 1,024 amma ta rubuta GB. Kamfanin Apple kuwa tun 2009 ya mai da kwamfutocinsa na Mac kan lissafin dubu. Shi ya sa filashi ɗaya zai nuna lamba daban-daban a na'ura biyu.

4. Yadda ake gwadawa

A ɗauki bayit 16,000,000,000, a raba da 1,073,741,824. Amsa ita ce 14.9. Ta wannan hanya, 32 GB yakan fito 29.8, 64 GB ya fito 59.6, faifai mai 500 GB ya fito kimanin 465, mai 1 TB kuma kimanin 931. Wani lokaci akan ga ƙasa da haka kaɗan, domin na'ura takan keɓe wani ɗan wuri don tsara ajiya. A waya kuwa, manhajar da ke tafiyar da ita takan cinye giga da dama tun kafin mai ita ya ɗauki hoto ko ɗaya.

Akwai wuri ɗaya da lissafin biyu-biyu ya tsaya daram, shi ne ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM. In an ce 8 GB a nan, ana nufin bayit 8,589,934,592.

5. Awon sauri

Sauri kullum da lissafin dubu ake auna shi. In an ce injin kwamfuta yana da 2 GHz, ana nufin bugu 2,000,000,000 a daƙiƙa guda. Amma a nan akwai wani tarko dabam. Kamfanonin sadarwa da bit suke faɗin saurin intanet, wato Mbps, girman fayil kuwa da bayit ake faɗinsa. Saboda haka sai an raba da takwas. Layi mai 8 Mbps megabayit ɗaya rak yake kawowa a daƙiƙa. Ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, in zai sauke darasi mai 1 GB a kan wannan layi, zai jira daƙiƙa 1,000, wato minti 16 da daƙiƙa 40, in layin bai yi tangarɗa ba. Wanda bai raba da takwas ba zai sa rai da minti biyu, ya yi ta fushi a banza.

6. Inda cuta take

Kada mai karatu ya ɗauka babu algus a wannan sana'a. Akwai jabun katin memori da aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman da ba shi da shi. Irin wannan yakan nuna lamba mai daɗin gani, amma da an zuba masa kaya da yawa sai hotuna da takardu su lalace, su ƙi buɗewa. Ashe ke nan gibin kashi 7 cikin ɗari ba shi ne abin tsoro ba. Arha mai yawa ita ce abin tsoro, domin Hausawa sun ce arha ba ta ado. Hanyar gwaji ita ce a cika katin da kayan da ake da kwafinsu a wani wuri, sa'an nan a buɗe su a gani. Wanda aka cuta yana iya kai kuka ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, da rasit a hannunsa.

7. Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, a dubi harafi: ƙaramin b bit ne, babban B bayit ne. Na biyu, in an ga ƙaramin i a tsakiya, kamar GiB, lissafin 1,024 ne. Na uku, a yi lissafi kafin a yi zargi. Na huɗu, a karɓi rasit, kuma kada a ajiye takardar gona ko ta makaranta a kati ɗaya tak.

Aikin gida: Faifai mai 250 GB, nawa Windows za ta nuna? Layi mai 40 Mbps, megabayit nawa yake kawowa a daƙiƙa? Wanda ya iya, sai ya koya wa maƙwabcinsa.