Kafin Ka Hau Motar Iseyin

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini takardar kiranka ta fito, an tura ka bautar ƙasa jihar Oyo, kuma a sansanin Iseyin za ka fara sauka. Allah ya sa albarka. Tun 1973 da gwamnatin Janar Gowon ta kafa wannan tsari ake kwasar yaranmu ana kai su inda ba su san kowa ba, kuma har yau ban ga aibun hakan ba. Na san iyayenka za su cika maka kunne da batun salla da abokan banza da tattalin alawus. Ni kawunka, a kan jikinka zan yi maka magana: idonka, hannunka, da yadda kake tsayuwa a gaban mutane.

Ka tuna kana ƙarami, in aka miƙo maka abinci a gidan maƙwabta, uwarka ba ta cewa uffan. Harara ɗaya za ta watso maka, sai ka ce ka ƙoshi alhali cikinka na kuka. Ka san ma'anar tagumi, ka san yaron da ya noƙe kafaɗa ya ƙi, ka san in baba ya yi gyaran murya a zaure hira ta ƙare. Wannan harshe ka iya shi tun kafin ka iya abacada. Sai dai shi ma harshe ne kamar Hausa, akwai inda ake jin sa, akwai inda in ka yi shi za a fassara maka abin da ba ka nufa ba.

Ina aikin gwamnati an taɓa sa ni cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata. Wani yaro ya shigo, takardunsa sun fi na kowa kyau. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna, ya zauna a gefen kujera, ya sunkuyar da kai. Duk tambayar da aka yi masa, tayil ɗin ɗakin yake ba amsa. Ni ina kallonsa ina cewa a raina, wannan ɗan gidan mutunci ne. Yana fita, abokin aikina da ya yi karatu a Ingila ya ce yaron nan akwai abin da yake ɓoyewa, tun da ya kasa haɗa ido da mu. Na yi iya bayanina, aka rinjaye ni. Har yau abin na cina, don ladabin da uwarsa ta sha wahalar koya masa shi ya hana shi aikin.

Kuma abokin nawa bai yi daidai ba. Masu bincike sun sha gwadawa, sun tarar kawar da ido ba ya nuna maƙaryaci. Ƙwararren ɗan damfara ma shi ya fi kowa iya kallonka tsakiyar ido. Amma sanin haka ba zai amfane ka ba in wanda ke riƙe da biro bai sani ba. Saboda haka a ofis, in shugabanka yana magana ka dubi fuskarsa, ka gyaɗa kai ya san kana tare da shi. In za ka ba da amsa ka fara da idonka a kansa, ka ɗan sauke, ka sake ɗagowa. Ban ce ka ƙura masa ido kamar mai bin bashi ba. In kuwa ka dawo gida hutu, ka bar idon ofis a tasha, kada ka zo wa kakanka da shi.

Yarabawa mutanen girmama manya ne, ta nan ba za ka yi baƙunta ba. Za ka ga saurayi ya kwanta rubda ciki gaban mahaifinsa, budurwa ta durƙusa gwiwa biyu. Ba wanda zai tilasta maka kwanciya, ka rusuna irin namu za a gane. Miƙa abu da hannun hagu su ma abin ƙi ne a wurinsu, har ga mai sayar da burodi a bakin titi. Kada ka riga babba miƙa hannu. In ya miƙo, ka tallafe hannun damanka da na hagu.

Inda za ka fi shan wuya shi ne gaisawa da mata. Wata shugabar makaranta ko babbar ma'aikaciya za ta miƙo maka hannu a gaban jama'a, da zuciya ɗaya. In ba ka musafaha da mata, to ka riga ta: tun daga nesa ka ɗora hannu a ƙirji, ka rusuna, ka saki fuska, ka gaishe ta da sunan muƙaminta. Da wuya ta ji haushi. Abin da ke ɓata rai shi ne a bar hannun mutum a iska, fuska kuma a murtuke. Ba banza aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ba.

Daƙuwa kuwa ka bar ta a gida ko da wasa. Wai har a ƙasar Girka, buɗe wa mutum tafi da yatsu biyar zagi ne, ka ga abin ya yi nisa. Tsaki da zunɗe su ma haka, ba sa buƙatar tafinta.

Za a kawo muku masu lacca sanye da kwat, wani zai ce kashi 93 cikin ɗari na saƙo a jiki da murya yake, kalmomi kashi 7 ne kacal. Ka yi murmushi kawai. Lissafin ya samo asali ne daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian a Amurka a 1967, inda aka furta wa mutane kalma ɗaiɗai da murya daban-daban, aka nuna musu hotunan fuska, don a ga yadda suke gane so ko ƙi. Shi kansa ya ce lissafin ya shafi abin da ke cikin rai ne kawai, ba kowace magana ba. In da gaskiyar masu laccar ne, da sai ka je kasuwar Bodija a Ibadan ka yi cinikin buhun gari ba tare da ka koyi kalma ɗaya ba. Abin da na yarda da shi shi ne, in baki ya ce "ba komai" fuska kuma ta ce akwai, fuskar ake bi. Kakanninmu sun riga shi faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska.

Amma ka tambaye ta a hankali. Wanda ya harɗe hannu a ƙirji ba lallai fushi yake ba, wataƙila sanyin na'ura ne ya dame shi. Ɗalibin da ya harɗe hannu a gabanka kuwa ladabi yake yi maka, haka aka koya masa. Kada alama ɗaya ta ishe ka yanke wa mutum hukunci, ka jira ta biyu da ta uku. In oga ya dubi agogo, ya tattara takardu, ya dafa tebur, to ka yi sallama tun kafin ya miƙe.

Sai wayar nan taka. Ranar sunan ɗan yayarka ina yi maka magana babban yatsanka na ta shafa gilashi, kana cewa "ina ji, Kawu." Ni na haƙura don kai nawa ne. Shugaban da za a kai ka wurinsa ba zai ce maka komai ba, sai ranar da ka zo neman sa hannunsa a takardar biyan alawus ka ga yana ta jujjuya biro. In ka shiga ofishinsa ka jefa ta aljihu, ko ka kife ta.

Mahaifiyarka ta ce motar asuba za ka bi. Ka biyo ta nan da daddare ka karɓi kilishi, in ga kuma yadda za ka miƙo hannu.