Darasi: Bin Asalin Pasto Baƙo

Abin karantawa: Matta 1:1-17, 2 Timothawus 1:5.

'Yan'uwa masu-bi na ƙasar Gaya da Ajingi, ku ne ya kamata ku fi kowa sanin darajar baƙo. Ai labarin kakanni ya ce maƙeran da a ke kira Abagayawa daga Gaya suka tashi neman tama, suka sauka gindin Dala a baƙunce, har wurin ya zama birnin Kano. Amma idan aka aiko mana da pasto daga wata ƙasa, Hausarsa ba ta nuna ba, sai ka ji a na raɗa, a na cewa, wa ya san asalinsa? Wannan raini ya kan sa tumaki su ƙi jin muryar makiyayi.

Bari mu bi asalin wani pasto baƙo, mu ga abin da za mu tarar.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka kama shi, aka raba shi da uwarsa, aka sayar da shi ga Turawan Fotugal. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin, aka kai yaron Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, aka sa masa suna Samuel Crowther. Ya zama pasto a 1843. Da ya je Abeokuta a 1846, sai ga uwarsa da rai, bayan shekara 25 da rabuwa. Ita ma ta ba da gaskiya, aka sa mata suna Hannatu. A 1864 aka naɗa shi bishop, ya yi ta aikin Bishara a bakin Kwara, a Onitsha da Lokoja, inda shi baƙo ne, har ya rasu a 1891.

'Yarsa Abigail ta auri Pasto Thomas Macaulay, shi ma haifaffen Saliyo, wanda ya kafa makarantar C.M.S. ta Ikko a 1859. Ɗansu Herbert Macaulay ya yi fama domin 'yancin Nijeriya. A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946.

Ƙaƙa muka san farkon wannan labari? Domin Crowther ya rubuta shi da hannunsa a 1837, bai ji kunyar bautarsa ba. Haka kuma Matta bai ɓoye Rut, baƙuwa daga Mowab, cikin asalin Ubangijinmu ba. Bulus kuwa ya san sunan uwar Timothawus da na kakarsa.

To, ga aikinmu. Dattawan ekklesiya su zauna da pastonsu cikin ladabi, su tambaye shi garinsu, da sunayen iyaye da kakanni, da wanda ya fara kai musu Bishara. Magatakarda shi rubuta cikin littafin ekklesiya, da shekaru. Abin da aka tabbata a rubuta, jita-jita a bar ta. A yi hanzari tun tsofaffi su na da rai. Kada fa a yi shi domin fahariya, gama Bulus ya gargaɗi Timothawus a kan gardamar asali. Mu na bin sawu ne domin mu ga hannun Allah, mu gode masa.

Tambaya: Kai mai-karatu, ka san hanyar da Allah ya bi ya kawo muku pastonku?