Darasin Mako: Me Ke Faruwa Idan Shugaba Ya Fita?

Darasin wannan Juma'a a kan shugabanci ne, wanda muke gogayya da shi kullum: shugaban ƙungiyar kasuwa, shugaban kwamitin Islamiyya, da mai gida tare da yaran shagonsa. Kowa a cikinmu ko dai yana riƙe da wasu, ko kuma wani na riƙe da shi.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 1939. Jagoran binciken shi ne Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro Jamus a 1933, tare da Ronald Lippitt da Ralph White. Sun tara yara maza 'yan kimanin shekara 10, suka raba su biyar-biyar, kowane rukuni yana haɗuwa bayan tashi daga makaranta don aikin hannu, irin su sassaƙa da ƙera kayan wasa. Aka ba kowane rukuni babban mutum ya shugabance su, kuma aka horar da shugabannin su riƙa yin salo iri uku. Bayan 'yan makonni sai a sauya wa yara shugaba, don kada a ce halin mutum ɗaya ne ya jawo abin da aka gani.

Na farko mai kama-karya ne. Shi ke yanke komai, ya ce wane yi kaza, wane zauna da wane, kuma ba ya faɗin matakin gaba sai an gama na yanzu. Na biyu mai shawara ne: ya bayyana inda aka dosa, ya kawo hanya biyu ko uku, a tattauna a zaɓa, sannan shi ma ya sa hannu a aikin. In zai yi gyara, aikin yake gyarawa, ba ya wulaƙanta yaro. Na uku shi ne ɗan ba-ruwana. Ya ajiye kayan aiki ya koma gefe, sai an tambaye shi yake magana.

To, ga abin da aka gani. A ƙarƙashin mai kama-karya aiki ya yi yawa, amma fa muddin yana tsaye a kansu. Masu binciken sukan sa shugaba ya fita daga ɗakin da gangan, su zuba ido. Da fitarsa sai hannu ya yi sanyi. Wasu rukunan suka zama masu faɗa da juna, har a tasa yaro ɗaya a gaba a huce haushi a kansa; wasu kuma suka yi laƙwas, ba musu, ba kuzari. A wajen mai shawara kuwa, ko ya fita aiki na tafiya, domin yaran sun san dalilin abin da suke yi. Rukunin ɗan ba-ruwana su ne suka fi kowa ƙarancin aiki da yawan shiririta. Da aka tambayi yaran, 19 cikin 20 sun fi son mai shawara a kan mai kama-karya.

Wani zai ce ai yaran Turawa ne, ina ruwansu da kasuwar shanu ko ta gwari? Gaskiya ne, yaro ba ɗan kasuwa ba ne, kuma ba dukiyar kowa a ɗakin nan. Amma dabarar fitar da shugaba daga ɗaki, ita ce ta shafe mu kai tsaye. Mu da ke zaune nan Kudu ai kullum cikin fita muke. Yau an tafi Dawanau saro hatsi, gobe gaisuwar mutuwa a gida, ga Sallah, ga aikin Hajji. Mai gidan da shi kaɗai ya san farashin sari, shi kaɗai ya san wa ake bi wa ke bin sa, makullin sito a aljihunsa, in ya yi sati biyu ba ya nan me zai tarar? Ya dawo ya ce yara ba amana. Sau da yawa ba sata suka yi ba, ba a taɓa bari sun yanke ko da ƙaramin hukunci ba ne, shi ya sa mai saye ya zo da ciniki mai kyau suka ce ya jira Alhaji.

Iyayenmu a zango sun san wannan tun da daɗewa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda fataucin shanu da goro ke gudana. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan mai gida, dillalan mai gida su sayar wa mahauta bashi, mai gida kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Dole dillali ya san wane mahauci ke biya, wane ne ba a ba shi bashi, ya kuma yanke a tsakiyar kara ba tare da ya ruga gida tambaya ba. Mai gida ya sakar masa, amma lissafi na dawowa hannunsa.

Shawara kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, ra'ayin haƙa ramin daga Salmanul Farisi ya fito, Manzon Allah (SAW) ya karɓa, ya kuma shiga haƙa tare da sahabbai.

Wannan ba ya nufin komai sai an kira taro. Ranar da gobara ta tashi a layi, ko rikici ya ɓarke a bakin kasuwa, murya ɗaya ake so: a rufe rumfuna, matasa su koma ciki, mutum biyu su je wajen hukuma. Sai dai mutane sun fi saurin bin umarnin gaggawa daga bakin wanda ya saba jin tasu a ranakun lafiya.

A ganina wanda ya fi yi wa ƙungiyoyinmu ɓarna shi ne na uku, don yana zuwa da rigar kawaici. Za ka ji ana cewa shugaba mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Alhali shekara ta zagayo ma'aji bai karanta lissafi ba, rigimar rumfa tsakanin mutum biyu ta yi wata shida ba a raba ba, masu ƙarfi sun daina biyan kuɗin wata, ƙanana ne kawai ke biya. Mai shawara yana saurare, amma a ƙarshen zama sai an tashi da magana ɗaya, an san wanda zai aiwatar, an sa rana.

Wanda ke shirin tafiya gida nan kusa, ya gwada tun yanzu. Ya zaɓi yini ɗaya a mako ya bar wa babban yaronsa shago, ya gaya masa ƙarshen farashin da zai iya sallamawa, da sunayen waɗanda za a iya ba bashi da iyakar kuɗin. Bayan Isha'i su zauna su biyu da littafin ciniki, su bi shi layi-layi.