Yaro Yana Waigen Iyayensa: Jan Hankali Kan Ayyukan Bayan Aji a Makarantar Firamare



An rubuta wannan 'yar takarda ne domin ku da kuka sa 'ya'yanku a makarantar firamare, kuka ɗinka musu yunifom, kuka saya musu littafi da fensir, sa'an nan kuka ɗauka kun sauke nauyi. Madalla da abin da kuka yi, Allah ya saka da alheri. Amma fa da sauran rina a kaba. Akwai wani kaso na karatun yaro da ba a kan allo ake rubuta shi ba, kuma malami ba ya iya bayar da shi shi kaɗai, sai da ku.

Abin da na gani a filin wasa

Wata shekara da hunturu, ina koyarwa a wata firamare, muka yi gasar wasannin gidaje. Tun da asuba malamai suka ja layukan tsere da toka, aka kafa rumfa, aka aro kujeru daga gidan mai unguwa. An raba yaran gida huɗu: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. 'Yan badujala suka sa kiɗa, aka yi fareti, ƙura ta tashi. Aka yi tseren buhu, da tseren lemon tsami a cokali, da jan igiya, mata suna ta guɗa daga gefen rumfa.

Da aka zo tseren mita 100, wani yaro ɗan aji huɗu, ko takalmi babu a ƙafarsa, ya bar kowa a baya. Aka kira sunansa a lasifika ya zo ya karɓi kyauta, bokitin roba da littattafan rubutu. Ya miƙa hannu ya karɓa, amma ko kallon bokitin bai yi ba. Idonsa na cikin taro, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Wa kake nema?" Ya ce, "Malam, Baba ya ce zai zo."

Shagon uban yana bakin kasuwa, inda ko kiɗan badujalar ana jiyowa. Bayan sallar Magariba na same shi na ce, "Alhaji, yau ɗanka ya fitar da mu kunya, amma ba mu gan ka ba." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai wasa ne, ba karatu ba. In rufe shago in tafi kallon guje-guje?" Alhaji ba mugu ba ne, yana son ɗansa ƙwarai. Abin da ya rasa shi ne wanda zai yi masa bayani, kuma irinsa suna da yawa a cikinmu.

Mene ne ayyukan bayan aji?

Su ne duk abin da makaranta ke shirya wa yara wanda ba darasin aji ba, kuma kowanne da abin da yake koyarwa.

A muhawara yaro ke koyon tsayuwa gaban jama'a ya faɗi hujjarsa ba tare da zagi ba, ya kuma yi shiru har abokin karawarsa ya gama. Kacici-kacici na wasa ƙwaƙwalwa. Wasan kwaikwayo na kwance bakin yaro mai nauyin baki. Sau da yawa yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, in aka ba ta rawar uwargida a wasa, sai a ji muryar da ba a san tana da ita ba. Gonar makaranta na nuna wa yaro cewa biro da fartanya ba kishiyoyi ba ne. Musabaƙar karatun Alkur'ani na gyara tilawa; gasar ta ƙasa baki ɗaya, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa tun 1986, daga irin waɗannan ƙananan da'irori take samun gwanayenta.

Sai kuma 'yan sikawut. Wani Bature, Baden-Powell, shi ya kafa ƙungiyar a Ingila a 1907, ta iso Nijeriya a 1915. A cikinta yaro ke koyon ɗaurin igiya, da taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni, da bin oda, da yi wa tsoho da mai rauni hidima ba don lada ba. Su ne kuke gani a sahun gaba ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara, da ranar 1 ga Oktoba, suna maci ƙirji a buɗe.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce wannan sabon yayi ne. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, har da sashen koyon sana'a gare ta, irin su dukanci da ƙira da aikin kafinta. Tun farkon boko a ƙasar Hausa an san hannu ma yana da nasa karatun.

Kafin boko kuwa, dandali ya yi wannan aikin. A can samari suka koyi langa da kokawa, 'yan mata suka koyi gaɗa, aka koyi cin nasara ba fariya da shan kaye ba gaba. Yau a birane an gine dandali, an yi shaguna da gareji. Ga yara da yawa, filin makaranta shi ne kaɗai fili da ya rage musu.

Ku dubi kuma yadda muke yi ranar saukar Alkur'ani. A yi wa allo zayyana, a ɗinka wa yaro sabuwar riga, dangi su taru, ya karanta a gaban malaminsa da iyayensa, a yi walima, a yi addu'a. Akwai uban da zai ce kasuwa ta hana shi zuwa saukar ɗansa? Babu. Mun san ƙoƙarin yaro yana son shaidu. To, abin da muka riga muka sani a makarantar allo shi ake roƙo mu kai makarantar boko.

Amsa ga masu shakka

Wani zai ce, "Wasa na cinye lokacin karatu." A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki sosai aƙalla minti 60 kowace rana. Kowane tsohon malami zai gaya muku cewa yaron da ya yi gudu ya yi gumi ya fi natsuwa a benci. Kuma akwai yaran da lissafi ya gagara, waɗanda ƙwallo ko ganga ce ta riƙe su a makaranta har karatun ya zo ya zauna.

Wani zai ce, "Ni 'yata ba za ta yi tsere a bainar jama'a ba." Kishin mutuncin 'ya abin yabo ne. Amma maganinsa a je a zauna da hedimasta, a nemi sutura mai rufe jiki, a ware tseren 'yan mata, malamai mata su kula da su. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Jikin 'ya mace ma amana ne, yana bukatar lafiya.

Wata uwa za ta ce, "Ni ban yi boko ba, me zan je in yi?" Hajiya, ba jarrabawa za a yi miki ba. Yaronki fuskarki yake nema, ba takardar shaidarki ba.

Taron iyaye da malamai

Na taɓa halartar taron iyaye da malamai a gindin darbejiya, makaranta cike da yara, amma iyayen da suka zo ba su cika benci uku ba. A ranar aka yanke shawara kan gyaran rijiya da katange fili. Bayan mako guda, waɗanda ba su zo ba su ne suka fi kowa surutu a majalisa. Wanda bai je wurin rabo ba, ina shi ina ƙorafin ƙashi?

Ku sani, tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Amma kyauta ba ta nufin ba mai shi. Shi ya sa aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda hedimasta ke zama tare da wakilan mai unguwa, da malaman addini, da mata, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. Makarantar taku ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gargaɗi ga hukumar makaranta

Gaskiya ɗaya ce: ba kullum laifin iyaye ba ne. Wasu makarantu sun mai da biki hanyar tatsa. Yau kuɗin anko, gobe kuɗin fati, jibi kuɗin rigar yaye ɗalibi ga yaron da bai gama koyon baƙaƙe ba. Talaka mai 'ya'ya biyar in ya ga takardar gayyata sai gabansa ya faɗi, ya ɓoye yaronsa a gida ranar biki don kunya. Wannan ya saɓa wa manufa. Saboda haka:

1. Kada a hana yaro shiga wasa ko fareti don bai biya anko ba. Ƙyalle mai launin gidansa a ɗaura a hannu ya wadatar.
2. A guji sa taro ranar kasuwa, ko tsakiyar shuka da girbi, kuma a tashi kafin lokacin salla.
3. A rubuta gayyata da Hausa, a kuma sanar ta bakin mai unguwa da wuraren ibada.
4. A tanadi wurin zama na mata, da inuwa, da ruwan sha, da akwatin magani.
5. Kada kyauta ta tsaya ga na ɗaya zuwa na uku. A yaba wa mai tsafta, da wanda bai taɓa fashi ba, da wanda ya taso daga ƙarshen aji ya kai tsakiya.
6. Duk kuɗin da aka tara, a karanta lissafinsa a gaban iyaye.

Abin da ake roƙon iyaye

Shekarar karatu zango uku ce. Ko sau ɗaya a zango, ku taka ƙafa ku je. In uba ba shi da hali, uwa ta je. In ba hali, kawu ko gwaggo ko yaya, don kada yaro ya waiga ya ga wayam. Wanda ba shi da kuɗi yana da abin bayarwa: kafinta ya gyara benci, tela ya ɗinka tutar gidaje, manomi ya nuna wa yara yadda ake tayar da kunya, kaka ta zo ta yi musu tatsuniya. In yaro ya dawo gida, kada tambaya ta tsaya ga "Na nawa ka zo?" A ce masa, "Me kuka yi yau a fili? Nuna mini." In ya sha kaye, a ce masa gobe ma rana ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake tanƙwarawa, ba da saƙo ba.

Alhajin nan kuwa, uban yaron da ya ci tsere, da shekara ta zagayo, ya bar wa ƙaninsa shago ya zo. Da aka kira tseren iyaye, abokansa suka tura shi fili. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya ajiye takalmi, ya zuba da gudu, hularsa ta faɗi a hanya, ya zo na ƙarshe yana haki, taro na ta dariya. A ranar ɗansa na biyu ya zo, ba na ɗaya ba. Amma har muka yi hutu, ba labarin da yaron ke ba abokansa sai na gudun Baba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke hakkinsu. Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa.